Yatsan da Rawa Ta Ci a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram da hannun dama cikin farin simintin asibiti, ban sake zama a teburin mai shayin bakin masaƙarmu ta Sharaɗa na sha kofi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce mota ce ta kife da mu, wancan ya ce jandarmomi ne suka tattaka ni, wani ma har Panshekara ya kai labarin wai dambe na yi. Na gaji da maimaitawa. Kuma in zan ba da labarin a tsaye nake ba da shi, ina kai ina komowa, har mai shayi ya ce ina tare wa masu saye hanya. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya huta. Alƙalamin tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na soke shi, wanda ya ga rubutu ya karkace ya yi haƙuri.

Sunana Kabiru, aikina tsaron injinan saƙa. Duk aikin a yatsu biyu yake. Zare ya tsinke, inji ya tsaya, ka cafko bakin zaren da babban yatsa da manuniya ka ƙulla, ka tashe shi kafin na kusa da shi ma ya tsaya. Bayan an tashi aiki kuwa, rawar birek, ta Turawa mai juyi a ƙasa, muke yi a bayan katangar kamfani, tun lokacin da muka gan ta a bidiyo a wani gidan kallo. Mu uku ne. Akwai Ado, wanda yake aiki a kamfanin alewa a Bompai, shi ne mai rediyo mai kaset, shi yake kawo mana kwalaye muna shimfiɗawa a ƙarƙashin wata ledar tsakar ɗaki da muka saya don santsinta. Akwai Laminu, ɗan Damagaram, leburan wucin gadi a sashenmu, mai ɗauko mana zare, wanda nake koya wa ƙulli in fomanmu ya ba da baya. Ni kuma abin da aka san ni da shi juyi a kan tafin hannu ɗaya, gwiwar hannu a soke a ciki, ƙafafu a sama.

Zaman banza ne ya tayar da tafiyar. Ana saura 'yan makonni azumi aka tara mu aka ce kayan aiki sun ƙare, kowa ya tafi gida sai bayan sati biyu. Muka kuma ji a bakin masu gadi cewa in an buɗe ba kowa za a mayar ba. Ni dama ban iya zama ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na kwance kekena na ɗaura, na taka har Challawa na dawo ban je wurin kowa ba. Laminu ya same ni ina zagaye tsakar gidan hayarmu na Ja'en.

"Ku zo mu je gida," in ji shi. "Ai an buɗe iyaka. Na gaya wa samarin unguwarmu ina da abokai masu rawa da ka a ƙasa, sun ce ƙarya nake."

Ban bari ya rufe baki ba na shiga ɗaki na fara naɗe leda. Ado kuma ya roƙi hutun 'yan kwanaki a kamfaninsu.

Da sassafe muka je tashar Ƙofar Ruwa. Muka tarar da fijo a cike, ɗan kamasho yana cewa saura mutum uku. Muna shiga, huɗu daga cikin na zaune suka fita ɗaya bayan ɗaya, ashe 'yan tasha ne aka zaunar don a ga mota ta cika. Muka zauna har hantsi ya dubi ludayi, ni ina fita ina shiga, ina duba igiyar da aka ɗaure ledarmu a saman mota. Wata Hajiya mai fataucin atamfa, da ta zauna kusa da Ado, ta daɗe tana kallonsa. Ya sa wandon 'yan ƙwallo mai ratsi, ya ɗaura ƙyalle a goshi, da farar safar hannu guda ɗaya.

"Ɗana, ɗayar faɗuwa ta yi?"

"A'a Hajiya, haka ake sa ta."

Ta gyaɗa kai, ta buɗe jakarta ta miƙa masa goro, irin yadda ake lallashin marar lafiya.

Bayan Kazaure taya ta yi bindiga, da aka sauko da safaya ita ma ba iska. Direba ya tari wata akori-kura ya tafi da tayoyin biyu, ya bar mu gindin wata tsamiya. A nan muka sha furar wata Bafillatana, Hajiya ta ba mu labarin duk wani mai awon kaya da ke kan hanyar da halinsa. Ni ban zauna ba. Na yi ta tsayuwa a bakin titi ina leƙen hanya kamar leƙena ne zai dawo da direban.

A Kwangwalam, bakin iyaka, ɓangarenmu bai ɗau lokaci ba. A ɗaya ɓangaren ne aka ce kowa ya sauko da kayansa. Masu awon kayan can duwan ake ce musu. Wani dogo a cikinsu ya warware ledarmu a ƙasa, ya duba ciki da waje, ya ɗaga rediyon Ado ya girgiza. Ya yi Faransanci da Laminu, sannan ya juyo gare mu da Hausa irin tasu.

"Mi kuke yi da wannan?"

"Rawa," in ji Ado.

"Bisa wannan? To ku tada shi in gani."

Ado ya danna kaset. Ya miƙa hannu ya sako salon igiyar ruwa tun daga yatsun dama, ta bi kafaɗa ta fita ta hagu, ya karya wuya, ya daskare. Mutumin ko murmushi bai yi ba. Sai ya leƙa cikin rumfa ya kira ɗan'uwansa ya ce ya zo ya ga wanda lantarki ya ja. Aka sa Ado ya sake, ya kuma sakewa, batir yana ta ci. Daga nan suka naɗe mana ledar da kansu, suka ce mu sauka lafiya.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar shi ne tsayawa. Kowane gari akwai igiya a gicciye, jandarma ya karɓe katin kowa ya shige rumfa, ya yi ta kiran suna ɗaya ɗaya. Ba mai gunaguni, ba direban da zai leƙo ya ce a taimaka ana sauri, yadda ake yi a nan. A Matamaye muka tsaya gab da magariba, na hango mai tsire na nufe shi. Sai na ji an busa begila. Ban kula ba. Na yi taku kaɗan na ga gari ya daskare: mace da tire a ka ta tsaya cak, mai keke ya dire ƙafa ɗaya, mai tsiren da kansa ya miƙe da wuƙa a hannu. Ni kaɗai nake tafiya a duk faɗin tashar. Ashe tuta ake saukewa, kuma in ana sauke ta ko ina kake sai ka tsaya. Wani jandarma ya hura mini usur, ya nuna mini gindin sandar tutar. Aka gama, kowa ya ci gaba da harkarsa, ni aka bar ni a tsaye ƙiƙam ina kallon sanda, sai da Laminu ya je ya yi ta ba da haƙuri ya ce baƙo ne daga Kano. Ban taɓa sanin tsayuwa wuri ɗaya aiki ce ba sai ranar. Tsiren ma ban ci ba.

Gidan su Laminu yana cikin Birni, a gindin wasu manyan duwatsu. Mahaifiyarsa, Inna, ƙaramar mace ce mai saurin magana. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka ajiye tsarabar da muka zo da ita, sabulu da alewar kamfanin su Ado. Laminu ya jingine naɗin ledar a bango kusa da kayan don ya sauke jakarsa. Inna ta miƙa hannu ta shafa ta, ta warware bakin ta ga zanen furanni.

"Har da wannan? Ku da aka rufe muku wurin aiki?"

Na dubi Laminu, Laminu ya dubi Ado, Ado ya dubi rufin ɗaki. Kafin wani ya sami abin cewa ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani, suka kama suka shimfiɗa ta a ɗakinta, tana ta sa mana albarka. A zaure, inda aka yi mana shimfiɗa, Ado ya ce wa Laminu ya je ya yi mata bayani.

"Kai je ka yi mata," in ji Laminu.

Ba wanda ya je.

Zaman garin ya gwada ni. Ruwa wahala yake, bokiti ɗaya aka ba mu mu uku, kuma da kunya muka karɓa don mun ga layin da aka bi kafin a samo shi. Da safe ba koko ba ƙosai, fura ce mai kauri a ƙwarya, sai wani burodi dogo kamar sanda wanda yake yanka dasashi. Rana na take tsaka sai a rufe komai, kanti da ofis, gari ya kwanta sai la'asar. Shayinsu kuwa ba irin namu ba ne da za a zuba maka a kofi ka kurɓe ka tafi. A 'yar buta ake dafa shi a kan gawayi, a yi ta ɗagawa ana zubawa, a ba ka ɗan kurɓi a ƙaramin gilashi, sannan a sake ɗora na biyu, sannan na uku, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Ina zaune ƙafata tana rawa ita kaɗai. Makaranta lakwal suke cewa, malamin makaranta mushe, asibiti kuwa likita. Su ma dariya suke mana, wai Hausarmu rabinta Turanci ne.

Mai dafa shayin Kawu Sha'aibu ne, yayan Inna, tsohon ɗan kokawa, ƙato mai faɗin kafaɗa wanda yanzu yake tukar igiya a ƙofar gida. Ba shi da yawan magana. Na lura in zai ɗauki gilashi ba ya kama shi yadda kowa ke yi, sai ya tallafe shi a tafin hannu, amma ban tambaya ba.

Aka sa mana ranar rawa a gidan samarin unguwa, bayan la'asar. Fili ne da aka dafe da siminti tun da daɗewa, duk ya tsattsage. Mun nemi kwali a kasuwa ba mu samu na kirki ba, muka ce ai sau ɗaya ne. Jama'a ta cika, 'yan mata a gefe guda, har da makaɗa biyu da suka zo kallo da gangunansu. Aka zaunar da mu a benci, wani mushe ya tashi ya yi jawabi da Faransanci, ya sake shi da Hausa, wani ma ya tashi ya yi nasa. Muna zaune har ƙafata ta yi sanyi. Ana cewa bismilla na ji kamar an kwance ni daga turke.

Laminu ya fara, ya yi tafiyar inji, aka yi ta tafi. Ado ya shiga. Yana tsakiya muryar kaset ta fara ja, ta yi kauri, ta mutu. Batir ya ƙare. Kafin a yi shiru makaɗan nan suka ɗauka daga inda kaset ya tsaya, sai dai kiɗansu ya fi namu sauri nesa ba kusa ba. Jama'a ta ɗauki tafi. Ban jira Ado ya gama fita ba na faɗa.

Na yi wasan ƙafa, na sauka ƙasa, na dasa hannun dama na ɗaga jiki na fara juyi. A kan leda tafin hannu zamewa yake yana bin ka. A nan siminti ya riƙe shi. Na ƙara ƙarfi. A zagaye na biyu ko na uku babban yatsana, wanda yake a buɗe can gefe, ya faɗa cikin tsagar simintin ya tsaya, ni kuwa jikina bai tsaya ba. Na ji wani abu ya ce ɗas a gindin yatsan, irin yadda zare mai kauri yake tsinkewa. Na zube a kafaɗa na ƙame. Jama'a suka ɗauka salon ƙarshe ne, wurin ya kaure da shewa. Na tashi na ɗaga musu hannun hagu, na daman na cusa a hammata na fita bayan benci.

Ado ya biyo ni. Gindin yatsan har ya fara tashi.

"Targaɗe ne. Kawo in ja maka ya koma."

Haka muke yi a bayan katanga, wanda ya bugu a ja masa yatsa ya yi ƙara, a shafa man zafi. Na miƙa masa. Ya kama ya fizga. Ban san lokacin da na durƙusa ba, idona ya yi duhu. Yana shirin sake ja sai wani hannu ya kama wuyan hannunsa.

"Sake shi," in ji Kawu Sha'aibu.

A ƙofar gida ya zaunar da ni, ya sa aka kawo ruwan randa na tsoma hannun. Da zugin ya ɗan lafa sai ya zaro tsinke daga tabarma ya ce in riƙe da babban yatsa da manuniya na hagu. Ya ja, bai fita ba. Ya ce in riƙe da na dama. Ya zare shi kamar ba a hannun kowa yake ba. Sannan ya bi ƙashin da yatsa a hankali, ya ɗan tura babban yatsan gefe kaɗan. Na hagu in an tura shi yana zuwa wani wuri ya tsaya. Wannan bai tsaya ba.

"Ƙashinka lafiya lau, ɗan Kano. Jijiyar da ke riƙe gaɓar ce, ta nan gefen ciki. Irin wannan ba a ja, ja ƙara yaga ta yake."

Ya buɗe mini nasa hannun. Babban yatsan a kwance yake gefe, gindinsa ya yi ƙulu.

"A ɗamarar abokin karawa ya maƙale, na juya shi kuma ya juya. Aka ja mini, aka shafa man shanu, sati na zagayowa na koma fili don kada a ce na ji tsoro. Tun daga ranar ban sake kama mutum ya san an kama shi ba."

Ya yago ƙyalle daga tsohon rawani, ya ɗora ɗan kara a jikin yatsan, ya fara naɗi. Yana yi yana magana, ba da faɗa ba.

"Na kalle ku. Kun tashi daga zaune kun faɗa kan hannu, jiki a sanyaye. Mu kafin mu shiga fili sai mun yi gumi, mun murza wuyan hannu da yatsu. Kuma ba wanda ya duba ƙasa a cikinku. Ɗan kokawa da ƙafa yake bin fili kafin a fara, ya ji inda dutse yake. Kai kuma kana baza yatsu kamar ƙafar kaza, babban yana can shi kaɗai. Tattaro shi ake jikin 'yan'uwansa, in ƙasa ta zo ta same su tare." Ya dubi Ado. "Matso ka ga naɗin. Wuyan hannu, ka zagayo yatsan, ka gicciya, ka koma. In za ku yi wannan wasan naku ku riƙa ɗaurawa tun kafin a ji ciwo. Ya fi wannan safar taka amfani."

Ado ya cire safar ya sa a aljihu.

"Gobe ku tafi likita," in ji Kawu. "Ni iyakar sanina ke nan."

Da aka kawo tuwon gero na kai hannu na kasa yin loma. Na zauna ina kallon kwano, su Ado suna ci a hankali don kunya. Inna ta leƙo ta gani, ta koma ta kawo cokali.

"Ci da hagun, ɗana. Allah ya ga lalura."

A likita mun bi layi har aka kusa rufewa na rana. Babban ma'aikacin jinyar wurin, wanda suke kira majo, ya kwance naɗin Kawu ya duba, ya ce wanda ya yi shi ya kyauta. Ya yi irin gwajin da Kawu ya yi, ya tambayi wa ya ja yatsan. Ado ya ce shi ne. Majo ya dube shi kawai, ya ci gaba da jiƙa bandejin siminti. Ya naɗe ni tun daga tsakiyar hannu har kan yatsan, ya bar mini sauran huɗun a waje.

"Sati shida. Kada ka jiƙa, kada ka cire. In an buɗe gaɓar ta kama, sai ka fara motsa shi sannu sannu. In tana lilo har yanzu, to jijiyar ta rabu ke nan, sai an yi aiki an ɗinke, ka tafi asibitin ƙashi na garinku kada ka tsaya shafe-shafe. Mi kake yi a Kano?"

Na gaya masa.

"Da wane yatsa kake ƙullin?"

Na ɗaga masa simintin. Ya juya ya wanke hannunsa.

Daga nan garin ya ishe ni. Saura 'yan kwanaki a buɗe masaƙa, ni kuma lissafin da nake yi bai wuce sati shida ba, ta ko'ina na juya shi ba ya raguwa. Na hau duwatsun bayan gida na sauko, na zagaya kasuwa ban sayi komai ba, ga zafi, ga ƙaiƙayi a cikin simintin inda hannu ba ya kaiwa.

Ranar da za mu taho muka shiga sallama muka tarar da ɗakin Inna ƙasa tsirara. Ledar tana naɗe a bakin ƙofa, an ɗaure ta da sabuwar igiyar Kawu. Ashe a wurin ɗiban ruwa ta ji mata suna cewa 'yan Kano a kan leda suke rawarsu, rashinta ne ya ja wa ɗayan.

"Don me ba ku faɗa mini ba?" in ji Inna. "Ina kwance a kan abin da zai tsare hannun ɗan mutane."

"Inna, taku ce," na ce. "Don ku muka kawo."

"Kada ka yi mini ƙarya da hannu a ɗaure."

Na durƙusa na kama igiyar da hannun hagu ina ƙoƙarin kwancewa, ta ƙi. Ado ya durƙusa ya kama mini, Laminu ya ja ɗaya bakin, muka shimfiɗa mata ita yadda take. Ta tsaya tana kallonmu, sannan ta juya ta shiga madafa. Da ta fito ta danƙa mini ƙunshin kilishi da dabino, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A iyaka dogon nan na duwan ya gane mu, ya dubi hannuna ya ce wannan karon lantarkin ya kama da gaske, ya ce mu wuce ba tare da ya buɗe jaka ba. Daga Daura zuwa Kano yatsuna huɗu suna ta ƙulla zaren da babu a kan gwiwata.

Ranar da aka buɗe masaƙa, kafin a busa jiniyar shiga aiki, Ado ya zo ɗakina da guntun zarto a naɗe a takarda.

"Yanke shi ka shiga. In an gama zaɓen mutane sai a sake ɗaura maka wani. Wa zai sani?"

Na karɓa. Na ɗora a kan simintin na ja sau biyu, har yanzu shaidar tana nan. Sai na tsaya na gwada matsa yatsan a ciki, kamar zan kama zare. Zafin ya tafi har gwiwar hannu, kuma ban ji yatsan ya matsa komai ba. Ko na yanke, inji na farko da ya tsaya zai tona ni. Na mayar masa da zartonsa.

A bakin ƙofa mutane sun yi cincirindo, kowane foman yana zaɓar nasa. Namu, Malam Hamisu, dattijo ne mai gilashi, ba ya ɗaga murya. Ya dubi hannuna ya daɗe.

"Garin yaya, Kabiru?"

"Faɗuwa na yi, Malam."

"Na ji irin faɗuwar. Sai yaushe?"

"Saura sati biyar da 'yan kwanaki."

"Ka san inji ba ya jiran mutum. An ce in rage, kuma duk injin da na bari ba kowa, ɗauke mini shi za a yi." Ya cire gilashin ya goge. "Na san kana koya wa wani ƙulli a bayan idona. Wane ne?"

Laminu yana can baya cikin leburorin wucin gadi, waɗanda aka riga aka ce su koma gida. Ban yi shawara da zuciyata ba, sunansa ya fita daga bakina. Malam Hamisu ya ɗaga hannu ya yafito shi.

"In hannu ya warke ka zo mu gani," ya ce da ni. "Ban yi maka alkawari ba."

Aka rufe ƙofa. Na tsaya a waje har na ji injinan sun tashi, sannan na kama hanya. Ban nufi gida ba. Na bi titin Sharaɗa har ƙarshensa na dawo, na sake bi, raina yana tafasa, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Da yamma ina tsakar gida ina zagaye Laminu ya yi sallama. Duk gashinsa auduga. Ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba.

"Ni na kai ka," ya ce. "Ni na kai ka, uwata ta ɗauki ledar, yau kuma ga ni a kan injinka. Gobe zan gaya wa Malam Hamisu ya nemi wani."

"Ya nemi wani, in na warke in tarar da baƙo a kai?"

Ya hau tsince audugar gashinsa.

"Sau nawa suka tsaya maka yau?"

"Ban ƙirga ba. Na kusa da taga ya fi ba ni wahala."

"In ya yi zafi ta gefen hagu yake tsinkewa. Kada ka jira shi, ka riƙa tsayawa ta nan ɓangaren." Na ja benci da ƙafa. "Akwai zare a aljihunka?"

Ya laluba ya zaro guntu.

"Zauna ka ƙulla in gani."

Ya zauna ya ƙulla. Na kama da hagu na ja, ƙullin ya zame.

"Sake," na ce.